Shaidar Maika a kan Shekarun Duwatsun Nijar da Najeriya

Duk wanda ya fasa dutsen giranit, irin na Kufena a Zariya ko na Kwatarkwashi, zai ga wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, baƙaƙe da farare, da ke ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Masana suna kiran su maika. Ina so in ba mai karatu tarihin yadda wannan ɗan abu ya zama shaida a kan shekarun duwatsun ƙasashenmu, da yadda aka daɗe kafin a gane ainihin abin da shaidar ke faɗa.

A 1911 wani masani ɗan Sikotland, J. D. Falconer, ya wallafa littafi kan duwatsun Arewacin Najeriya bayan shekarun da ya yi yana binciken ma'adinai. Shi ya raba giranit ɗinmu gida biyu: tsofaffi da sababbi. Ba shi da na'urar auna shekaru. Abin da ya duba shi ne wane dutse ya keta wane, domin wanda ya keta ɗan'uwansa shi ne ƙane. Rabon ya yi wa Turawan kuza amfani, don a jikin sababbin aka fi samun kuzar Jos. Sai dai babu mai iya cewa tsohon ya girmi sabon da shekara nawa.

An samu hanya ne bayan 1948, lokacin da Aldrich da Nier suka tabbatar a Amurka cewa wani nau'in sinadarin fotasiyam yana rikiɗewa sannu a hankali, wani ɓangarensa ya zama iskar argon. Rabinsa yakan ƙare ne cikin shekara kusan miliyan 1,250. Maika cike take da fotasiyam, saboda haka in aka auna abin da ya rage da iskar da ta taru, sai a lissafa shekaru.

Da aka soma aunawa sai aka ci karo da abin mamaki. Maikar da aka ɗebo daga Najeriya, da Ahaggar ta Aljeriya, da Mozambik, kusan amsa ɗaya take bayarwa: wajen shekara miliyan 500. Har duwatsun da ido ke gani ba sa'annin juna ba ne, amsar ke nan. A 1964 W. Q. Kennedy na Jami'ar Leeds ya ce wannan adadi ba lallai ne ya zama ranar haihuwar duwatsun ba, alama ce ta wani zafi da motsin ƙasa da suka ratsa nahiyar. Ya sa wa lamarin suna Fan-Afirka, wato abin da ya game Afirka.

To ta yaya zafi ke shafe shekaru? Maika mai zafi kamar kwando take, iskar argon ba ta zama a cikinta. Sai ta huce zuwa wani mataki take rufewa ta soma ajiya. Emilie Jäger ta Jami'ar Bern ta nuna haka a duwatsun Alps a shekarun 1960, sannan a 1973 Martin Dodson, shi ma na Leeds, ya fitar da lissafin abin. Baƙar maika tana rufewa a wajen digiri 300 a ma'aunin Salsiyas, farar ta ɗan ɗara haka. Wani ma'adani, honbilen, yana rufewa a wajen 500. Zirkon kuwa, wanda ake aunawa da yuraniyam da dalma, yana riƙe lissafinsa har kusan 900. Ashe dutse guda yana ɗauke da agogo da yawa, kowanne da lokacin da ya fara bugawa.

Nan ne labarin ya fi burge ni. Zirkon na tsofaffin giranit ya ba da wajen shekara miliyan 600, maikarsu kuma wajen 500. Ba ƙarya ɗayansu ya yi ba. Zirkon ya faɗi lokacin da narkakken dutse ya daskare, sa'ad da tsohuwar doron Yammacin Afirka ta yi karo da ƙasar da ke gabas da ita, manyan tsaunuka suka tashi tun daga Ahaggar, ta Azbin da Najeriya, har zuwa arewa maso gabashin Barazil, wadda a lokacin take manne da mu. Maika kuma ta faɗi lokacin da dutsen ya huce. A tsakani yana binne ne kilomitoci a ƙarƙashin tsaunukan, ruwa da iska suna zaizaye na sama, shi kuma yana matsowa. Sannu ba ta hana zuwa. Kufenan da muke gani yau saiwar tsaunin da ya ƙare ce. Zirkon ya ma tono abin da zafin ya shafe daga maika: a 2001 an wallafa cewa wani dutse a Kaduna ya haura shekara miliyan 3,500.

Sababbin giranit kuwa labarinsu daban. Kusa da saman ƙasa suka daskare, ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta, suka huce da wuri, don haka babu tazara mai yawa tsakanin haihuwa da hucewa. Peter Bowden da abokan aikinsa a 1976, da M. A. Rahaman na Jami'ar Ife da nasa a 1984, sun auna su da rubidiyam da sitirontiyam, suka nuna shekarunsu na raguwa daga arewa zuwa kudu. Na Azbin sun haura miliyan 400. Na Damagaram da Muniyo wajen 300. Na garin Dutse wajen 213, na Jos wajen 160 zuwa 170, na Afu can kudu wajen 141. Layi ne guda mai tsawon fiye da kilomita 1,000, kamar fataken da ke sauka zango-zango. Har yau masana sun rabu kan dalili: wasu na cewa nahiyar ce ta ratsa kan wani wuri mai zafi, wasu na cewa tsofaffin tsagogin ƙasa ne suka riƙa buɗewa bi da bi.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Mai neman kuza ko kolumbait da ya ɗauki tsohon giranit a matsayin sabo zai iya zuba dukiyarsa a ramin banza. Kuma wanda ya tsaya a iyakar Maigatari ko Kongolam ba zai fahimci duwatsun Jos ba, tunda farkon layin yana Nijar. A ganina shi ya sa ya kamata ɗaliban ilimin duwatsu na Zariya da Yamai su riƙa karanta aikin juna. Ni dai duk sanda na ji an ce dutse kaza shekararsa kaza, tambayar da nake fara yi ita ce: wane ma'adani aka tambaya, zirkon ko maika?