Chocolat, ɗan barkwancin Paris, da farfaɗo da tarihinsa

Chocolat laƙabin wasa ne na Rafael, ɗan barkwanci baƙar fata da ya yi tashe a birnin Paris a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka manta da shi kusan shekara ɗari. An haife shi a Kyuba cikin shekarun 1860, lokacin da bauta ba ta ƙare a tsibirin ba. Yana yaro aka kai shi yankin Bilbao na Spaniya ya yi barantaka, ya gudu, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa. A can Tony Grice, wani ɗan barkwanci daga Ingila, ya ɗauke shi yaron aiki, ya zo da shi Paris a 1886.

A Nouveau Cirque, gidan wasan dawaki da barkwanci na Joseph Oller, tauraronsa ya haska, musamman da wasan La Noce de Chocolat na 1888. Daga 1895 ya haɗa kai da George Foottit, shi ma ɗan Ingila, suka yi kusan shekara 15 tare. Tsarin wasan nasu ɗaya ne: Foottit, da farar hoda a fuska, shi ne mai ba da umarni, Chocolat kuma shi ne dolon da ke shan mari ba ya ramawa. Masu kallo na tuntsirewa da dariya a daidai shekarun da sojojin Faransa ke mamaye Afirka ta Yamma, ana kuma baje kolin 'yan Afirka a lambun Jardin d'Acclimatation na Paris don a biya a kalla. Toulouse-Lautrec ya zana shi yana rawa a 1896, kamfanin 'yan'uwa Lumière ya ɗauki wasanninsu a fim, masu talla kuma suka riƙa zana fuskarsa da manyan leɓɓa don sayar da kaya. Gwanintarsa ta rawa da sarrafa jiki ba ta cika samun yabon da ya dace ba, domin 'yan jarida da dama sun ɗauka wautar ɗabi'arsa ce, ba sana'a ba. Yakan kuma ziyarci asibitocin yara yana yi musu wasa.

Bayan rabuwarsu da Foottit ya gwada wasan kwaikwayo a 1911, a wasan Moïse, bai karɓu ba. Ya rasu cikin talauci a Bordeaux ranar 4 ga Nuwamba 1917, aka binne shi a ɓangaren matalauta na maƙabarta. Sunan Padilla da ake liƙa masa ya fito a takardar mutuwarsa, amma masana na tababar asalinsa.

Masanin tarihi Gérard Noiriel ne ya tono labarin. Tun da Rafael bai bar rubuce-rubuce masu yawa ba, sai ya bi tsofaffin jaridu da takardun hukuma, ya fitar da littafi a 2012, aka kuma yi wasan dandamali tare da Marcel Bozonnet a shekarar. Littafi na biyu, mai faɗaɗa bincike, ya fito a 2016.

A 2016 ɗin ne fim ɗin Chocolat na Roschdy Zem ya kai labarin ga jama'a. Omar Sy ya fito a matsayin Rafael, James Thierrée, jikan Charlie Chaplin, ya zama Foottit, har ya ci kyautar César a 2017. Fim ɗin ya sauya abubuwa da yawa: ya sa Foottit ne ya gano Rafael a wani ƙaramin gidan wasa na karkara, ya kuma maye gurbin Moïse da Othello, abin da ya ƙara wa labarin armashi ya rage masa gaskiya. A farkon 2016 hukumar birnin Paris ta kafa allon tunawa da shi da Foottit a titin Saint-Honoré, inda Nouveau Cirque yake a da.