Tawa, zangon da baƙi sunka daina kwana

Duk wanda ya yi wayo cikin garin Tawa kafin shekarar 2007 ya san lokacin baƙi. Da sanyi ya shigo, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ga manyan motoci sun tsaya gidan mai, ƙura ta rufe su, jarkoki da tayoyi ɗaure bisa kai. Anasara su sauko, su miƙe ƙafa, su sayi burodi da nama. Mu yara muna biye da su muna "kado, kado", har wani babba ya kore mu.

A faɗi gaskiya tun farko, ba don Tawa suke zuwa ba. Agadas sunka nufa, da duwatsun Ayar, da rairayin Tenere. Mu zango ne kawai. Daga Yamai zuwa Agadas tafiya ce ta wajen kilomita 950, Tawa kuwa ta ɗan wuce tsakiya. Wanda ya baro Yamai da safe, nan gajiya ke kama shi. To amma zango ma yana da nashi rabo, don baƙo ba ya kwana da yunwa, motarsa kuma ba ta tafiya da iska.

Abin da ya buɗe wannan hanya ba yawon buɗe ido ba ne, yuraniyom ne. A ƙarshen shekarun 1970 anka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, ta bi Tabalak da Abalak da Agadas, don manyan motocin ma'adini. Da kwalta ta samu, kowa ya bi ta. Tseren motocin Paris-Dakar ya ratsa ƙasarmu sau da yawa cikin shekarun 1980, har ya yada zango Tawa. A Agadas, Mano Dayak ya kafa kamfanin kai baƙi cikin hamada, sunan Ayar ya kai Turai. Akwai kuma baƙi iri na biyu, waɗanda mu Adarawa munka fi sani: ma'aikatan furoje. Tun 1984 Italiya ta sa kuɗi cikin aikin raya kwarin Keita, inda mata sunka ɗauki dutse a ka sunka tare zaizayar ƙasa. Waɗannan baƙi ba su wucewa, zama suke yi, su yi hayar gida, su ɗauki direba da mai gadi da mai dafuwa.

Su wa sunka ci arzikin? Masu otel, da kanikawa, da masu faci. Masuntan tafkin Tabalak da ke soya kifi bakin hanya. Dukawa masu takalma da jakunkunan fata. Sai maƙeran Buzaye, waɗanda su ne sunka fi kowa dogara ga baƙi. Suna ƙera gicciyen azurfa iri 21, kowane da sunan wurinsa. Na Agadas ya fi suna, amma akwai na Tawa, akwai na Abalak, da na Cintabaradan, da na Tiliya. Baƙo ɗaya yana iya sayen abin da maƙeri zai ci mako da shi.

Karo na farko da hanya ta mutu, daga jiharmu abin ya tashi. A watan Mayu 1990 anka yi rikicin Cintabaradan, anka kashe mutane da yawa, tawayen arewa ya biyo baya. Baƙi sunka janye. Ran 24 ga Afrilu 1995 anka sa hannu bisa yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai, ranar da har yau muke hutunta. Mano Dayak bai ga amfanin ba, ya rasu cikin haɗarin jirgi a watan Disamba na wannan shekara. Amma baƙi sun komo. Kamfanin Point Afrique ya riƙa kawo su cikin jirgi daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas. Ni a ganina jirgin nan ya rage wa Tawa ciniki tun kafin ƴan bindiga su rage mata, don wanda ya bi sama ba ya sayen kifin Tabalak. Duk da haka masu mota ba su yanke ba.

A watan Fabrairu 2007 wani tawaye ya sake tashi, na ƙungiyar MNJ. Jirage sunka tsaya. A watan Disamba na shekarar nakiya ta tashi cikin garin Tawa kanta, wata kuma a Maradi. Mutane sunka ce wannan ma zai wuce kamar na farko, kuma ya wuce, don a 2009 ƴan tawaye sun ajiye makamai. Sai dai kafin su ajiye, wani abokin gaba ya riga ya shigo, wanda ba ya neman kujera ko rabon arzikin ƙasa. Shi baƙon kansa yake nema, ya kama shi, ya sayar da ransa.

Ran 14 ga Disamba 2008 anka sace jami'an Kanada biyu kusa da Yamai. Ran 22 ga Janairu 2009 anka tare wasu ƴan yawon buɗe ido huɗu bakin iyakarmu da Mali, suna komowa daga bikin Buzaye na Andarambukan: biyu ƴan Suwis, ɗaya Bajamushiya, ɗaya ɗan Ingila. Ƙungiyar Alƙa'ida ta Magrib ta riƙe su. Uku sun samu kansu, ɗan Ingila kuwa anka kashe shi.

Sannan abin ya iso gida. Ran 14 ga Nuwamba 2009, wasu mutane ɗauke da manyan bindigogi sunka zo wani otel cikin Tawa, suna neman ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka da sunka sauka nan. Allah ya kiyaye, ba su samu kowa ba. Washegari kasuwa ta ci, yara sunka tafi makaranta, mutane da yawa ma ba su ji labari ba sai daga baya. Amma a wajen ƙasashen baƙi, daga wannan rana Tawa ta bar zama zango, ta zama wurin da ake farautar mutum har cikin ɗakin kwanansa.

Ya kamata mai karatu ya gane yadda abin ke aiki, don da yawa suna tsammani tsoro kawai ke hana baƙo zuwa. Ma'aikatar harkokin waje ta Faransa tana da taswira ta kowace ƙasa, tana shafa mata launi. Inda ta shafa ja, ma'anarsa kada kowa ya je. Da wuri ya zama ja, kamfanin inshora ba ya ɗaukar nauyin matafiyi, kamfanin tafiya kuma ba ya yarda ya sayar da tikiti, don in wani abu ya faru shi za a kama. Ko baƙon yana da zuciya, babu mai kai shi. Ma'aikatan furoje su ma anka ce ba su fita sai da rakiyar soji, rakiya kuwa kuɗi ce, sai ayyuka da yawa sunka koma ana tafiyar da su daga Yamai. Jan launin nan saurin shafuwa gare shi, wuyar gogewa. Tawaye yana ƙarewa ranar da anka sa hannu bisa takarda, kowa ya gani. Masu satar mutane fa, da wa za a sa hannu?

Abubuwan da sunka biyo baya sun ƙara masa kauri. Satumba 2010, mutum bakwai anka sace a Arlit. Janairu 2011, samari biyu Faransawa anka ɗauke daga wani gidan abinci tsakiyar Yamai, sunka mutu. Cikin watan nan Amurka ta kwashe ƴan sa kanta na Peace Corps, waɗanda sunka shekara kusan 50 suna zama ƙauyukanmu suna jin Hausa. Ran 23 ga Mayu 2013 anka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soji na Agadas da ma'adinin Arlit. Wata ɗaya bayan haka hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya, lokacin da babu mai zuwa kallo.

To, ina mutanen hanya sunka nufa? Babu wanda ya zauna jiran anasara. Adar dama ƙasar ci-rani ce, tun kakanni ana zuwa Abijan da Kano da Libiya, kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa ya fi na baƙi nesa ba kusa ba. Albasa ma tana nan, daga Galmi da kwarurukan Adar har kasuwannin bakin teku. Direbobin hamada, waɗanda sunka san rijiya da tauraro, sunka koma ɗaukar masu ƙetarawa zuwa Libiya. A 2015 anka yi dokar da ta hana wannan aiki, anka kama motoci, anka ɗaure mutane, sai a watan Nuwamba 2023 anka soke ta. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan, samari sunka kwarara can, wasu sunka komo da mota, wasu ba su komo ba.

Garin Tawa kansa ya samu abin da ya maye gurbi. A 2010 anka kafa jami'a, ɗalibai da malamai sunka cika gidajen haya. A 2017 bikin 18 ga Disamba ya zo mana, wanda anka kira Tawa Sakola, anka yi tituna da gine-gine. Otel-otel na yau suna rayuwa da tarurrukan ma'aikata da fatake da ƴan biki, duka ƴan ƙasa. Wanda ya shigo garin yanzu ba zai ce an yi wani rashi ba.

Maƙera ne abin ya fi daɗewa a jikinsu. Akwai wani dattijo cikinsu da ya shigo ajina na yaƙi da jahilci, gemunsa fari fat. Na tambaye shi abin da ya kawo shi bayan tsufa. Ya ce da can ciniki da yatsa ake yi, baƙo ya nuna, shi ya nuna, a shirya. Yanzu mai saye yana cikin waya, wani ɗan uwansa da ke Turai yana aiko saƙo ta WhatsApp, iri kaza, guda kaza, nauyi kaza, shi kuwa sai ya nemi yaro ya karanta masa, asirin cinikinsa duk a waje. Mafi yawan aikinsa yau zobe ne da ƴan kunne na amare. Ribar ba ta kai ta da ba, amma amare ba su da lokacin sanyi, kowane wata ana aure. Cikin ƴaƴansa maza babu wanda ya zauna maƙera.

Wannan labarin gari ne. Arewa kuwa, maganar farfaɗowa ba ta ma taso ba, don wutar da ta fara da baƙi ta juyo kan ƴan gida. Ran 6 ga Oktoba 2016 anka kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, inda suke gadin ƴan gudun hijirar Mali. Bayan kwana takwas anka shiga Abalak anka sace wani Ba'amurke mai aikin agaji da ya daɗe cikin makiyaya, anka kashe mutum biyu, bai samu kansa ba sai Maris 2023. A watan Maris 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. Ran 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga bisa babura sunka faɗa wa Intazayan da Bakorat da Wistan cikin yankin Tiliya, gwamnati ta ce mutum 137 sunka mutu. Babu anasara ko ɗaya cikinsu. Makiyaya ne da iyalansu.

Akwai wata ɓarna da ba a ƙidaya ta. Da can Buzu mai rawani in ya shigo kasuwar Tawa, raƙumi ko cuku ake tambayarsa. Yanzu wasu sai su bi shi da ido, su bi Bafillace da ido, alhali danginsu ne anka fi kashewa. Na ji irin wannan magana cikin aji, daga bakin mutanen kirki, kuma ban bar ta ta wuce ba.

Ko baƙi za su komo? Ƙasar Muritaniya ta ga irin namu. Ran 24 ga Disamba 2007 anka kashe Faransawa huɗu kusa da Aleg, abin da ya sa anka soke tseren Dakar na 2008, daga baya ya bar Afirka. Muritaniya ta tsare hamadarta, shekaru sunka wuce ba a kai hari ba, Faransa ta sassauta taswirarta a 2017, jiragen baƙi sunka koma garin Atar a watan Disamba na wannan shekara. Shekara goma ke nan cif. Mu kuwa lissafinmu kullum komawa yake farko. A watan Agusta 2020 anka kashe Faransawa shida da direbansu da jagoransu wurin kallon raƙuman dawa a Kure. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. A 2025 ma an sace mata biyu cikin garin Agadas, ɗaya ƴar Ostiriya a watan Janairu, ɗaya ƴar Suwis a watan Afrilu.

Dattijon nan ya gama aji, yanzu da kansa yake karanta saƙonninsa, a hankali, yana bin baƙi da yatsa. Kwanan baya ya nuna mini takardar da yake rubuta abin da anka yi oda. Gicciyen Agadas ne ya cika ta, sai na Tawa nan da can. Na tambaye shi na Tiliya. Ya ce har yanzu ya iya shi, sai dai ya manta rabon da wani ya nema.