Mai Wurno da Masu Ɗaukar Nauyin Bincike

Kusan duk abin da ɗalibin Hausa zai karanta game da ƙauyukan Hausawa na Jazira da Bahar Azrak a Sudan, wani ne ya biya kuɗin tafiyar wanda ya rubuta shi. Saboda haka tarihin binciken ya bi sawun tarihin tallafin da aka samu, kuma wanda ya gama digiri na uku yana neman gurbin ci gaba da bincike a fannin harshe ko tarihi zai amfana da sanin yadda abin ya gudana.

Asalin waɗannan garuruwa sananne ne. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda aka kafa garin da ake kira da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai mahajjata masu tafiyar ƙasa suka riƙa yada zango don neman guzuri. Zangon shekara ɗaya ya koma na goma, na goma ya koma zama. Larabawan ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafillace ko Babarbare ba. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa asalinsa yana Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar da yawa daga cikinsu a bakin ƙofa.

Manazarta sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da tambayar da fanninsa ke yayi a lokacin. Umar al-Naƙar ya wallafa littafinsa kan al'adar aikin hajji ta Afirka ta Yamma a Khartum a 1972. J. S. Birks, masanin labarin ƙasa, ya bi hanyar mahajjata, littafinsa ya fito a 1978. Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno, kuma littafinsa na 1981 ya karanta garin ta fuskar jari-hujja da ƙwadago, domin ita ce maganar da ke tashe a jami'o'in Ingila a wancan zamani. C. Bawa Yamba, a 1995, ya dubi yadda jikokin mahajjata suke ɗaukar kansu matafiya har yanzu, ko da kuwa a nan aka binne kakanninsu. Ayyuka ne masu daraja, amma a cikinsu Hausa hanyar tattara bayani ce kawai, babu wanda ya zauna ya nazarci ita kanta.

Wanda ya rufe wannan giɓi shi ne Al-Amin Abu-Manga na Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya a Jami'ar Khartum, kuma ta Jamus ya bi. Aikinsa kan Fulatancin Sudan ya fito a 1986, ya rubuta littafin koyon Fulatanci tare da Herrmann Jungraithmayr, sannan a 1999 aka buga masa a birnin Kolon littafi kan yadda Hausar Sudan take rusunawa Larabci. A nan ne mai nazari zai ga abin da zama cikin Larabawa ya yi wa harshen: aron kalmomi, da sauyin furuci, da gauraya harshe biyu a jumla ɗaya. Manomin Jazira gonarsa hawasha ce, magudanar ruwansa tur'a, unguwar 'yan ƙwadago kuwa kambo. Tazarar shekara 13 da ke tsakanin littattafan nan biyu ta nuna irin lokacin da aikin bayan digiri na uku yake ci, ga wanda koyarwa ba ta barinsa ya numfasa.

Ƙofofin da suka buɗe a wannan ƙarni ba a yanka su daidai da wannan batu ba. Shirin tallafa wa fannonin ɗan'adam na Afirka, wanda Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya taimaki malaman jami'a da dama a Nijeriya, amma ƙasashe biyar kaɗai ya shafa: Ghana, Nijeriya, Afirka ta Kudu, Tanzaniya da Uganda. Ɗan Mai Wurno da ke koyarwa a Wad Madani ba ya ciki. Shirin adana harsunan da ke fuskantar ɓacewa, wanda aka kafa a Landan a 2002 ya koma Balin a 2021, yana da gurabe na masu sabon digiri na uku, sai dai da wuya a shawo kan alƙalansa cewa harshen miliyoyin mutane yana cikin hatsari, ko da karin wani ƙauye yana ƙarewa a bakin tsofaffi. Gidauniyar Humboldt ta Jamus ta fi sauƙin shiga ta wannan fuska, tunda ba ta ware fanni. Sharuɗɗanta ga mai sabon digiri su ne kada digirin ya wuce shekara huɗu, ya sami malamin da zai karɓe shi a wata cibiya ta Jamus, ya kuma kawo tsarin aikin da zai kammalu tsakanin wata 6 zuwa 24. Samun mai masauki ya fi rubuta takardar wuya, kuma yawanci ta hanyar maƙalar da aka riga aka buga ake samunsa.

Yanzu ga wata matsala da magabata ba su sani ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a yankin Damazin da Rusairis, dubbai suka bar gidajensu. Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamban shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Jami'ar da za ta karɓi mai bincike ba za ta sa hannu a kan tafiya irin wannan wuri cikin sauƙi ba, don haka takardar neman tallafin da ta rataya gaba ɗaya a kan zama a ƙauyen tana iya faɗuwa tun a zagayen farko. Wadda za ta tsaya ita ce wadda ta nuna aikin zai yiwu ko ba a taka Jazira ba: takardun jami'an mulkin mallaka da ke taskar Sudan ta Jami'ar Durham, wadda aka kafa a 1957, da takardun Gidan Arewa da na taskar ƙasa a Kaduna, da kuma hira da iyalan da yaƙi ya maido Kano da Maiduguri, waɗanda Hausarsu ta Nilu take nan a bakinsu.