Faifan ajiya mai shiyyoyi: Yadda yake aiki da hanyoyin gano matsalarsa

Ɗan kasuwar da ya sayi faifan ajiyar bayanai a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da ke Kaduna zai iya ganin faifan yana kwafe bayanai da sauri da farko, daga baya ya koma tafiyar hawainiya. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, ƙirarsa ce ta jawo hakan.

A shekarar 2013 kamfanin Seagate ya fara sayar da faifai masu fasahar SMR, inda ake jera layukan rubutu gefen wani a kan wani, kamar kwanon rufi, domin faifan ya ɗauki bayanai masu yawa. Gyara layi ɗaya yana taɓa na kusa da shi, saboda haka aka raba faifan zuwa shiyyoyi, yawanci megabait 256 kowace. Ana rubutu a shiyya ne a jere, daga inda na baya ya tsaya.

Faifan gida yana ɓoye wannan tsari, yana sake jera bayanai da kansa, kuma lokacin da yake wannan aiki ne yake yin nauyi. Na manyan rumbunan bayanai kuwa manhaja ce ke kula da shi. Linux ta fara tallafa masa a 2017, sannan manhajar QEMU, wadda ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, ta samu damar kwaikwayon irinsa a 2021. Da ita injiniyoyi ke gwaji ba tare da taɓa bayanan ma'aikata ba.

Idan irin wannan faifai ya ƙi karɓar rubutu, ana fara bincike da umarnin blkzone report, wanda ke nuna halin kowace shiyya da inda rubutu ya tsaya. Sai a duba tsarin fayil: ext4 ba ya zama a kansa kai-tsaye, amma f2fs da btrfs suna iyawa. A kuma duba ko shiyyoyin da ke buɗe sun haura adadin da aka ƙayyade. Umarnin blkzone reset yana share duk abin da ke shiyyar, don haka a kwafe bayanai tukuna.

Mai shago ko ma'aikacin ofis da ke son faifan kyamarar tsaro ko na lissafin yau da kullum ya duba lambar ƙirarsa a shafin kamfanin kafin ya biya kuɗi. Mai alamar CMR ya fi dacewa da rubutu ba ƙaƙƙautawa, SMR kuma da ajiyar tsofaffin takardu da hotuna.