Taron Da Ba Ciyaman Ya Kira Ba: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwar Hatsi Daga Kawo

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi a Kawo, nan cikin Kaduna. Ya ce ƙungiyarsu ta gama kai ta yi shekara biyu ba ta motsa ba: ciyaman kaɗai ke kiran taro, shi ke tsara abin da za a tattauna, maganar taki da bashi kuwa kullum sai a ce a bari sai zama na gaba. Yanzu matasan cikinsu suna son su riƙa zama da kansu, dattawa kuma sun ce wannan fitsara ce, kuma ba ta haifar da komai sai rabuwa. Yana tambaya ko an taɓa yin irin wannan zama ya gyara wani abu.

To Malam, an taɓa yi, kuma ba nesa da kai ba. Amma bari mu faro daga Bauchi.

A shekarar 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi da yardar Turawan mulki. Cikin masu zama akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, su biyun nan na ƙarshe malaman makarantar Midil ne a lokacin. Zaman ya yi armashi da farko, har ranar da Malam Aminu ya tambayi da wane ma'auni ake yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba zauren ya mutu. Wanda ya ba ka aron tabarma, ai shi ke da ikon naɗe ta. Sai su Malam Sa'adu suka koma ga ƙungiya tasu ta kansu, inda ba mai tace musu tambaya.

Irin waɗannan ƙananan zaurukan suka yi ta tsirowa a Zariya da Kano da Sakkwato, na malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti. Ba Razdan ya kira su ba, ba sarki ba. A 1948 wani sufeton jirgin ƙasa, Malam D. A. Rafih, ya tara mutane a otal ɗin Green a nan Kaduna, suka kira kansu Jam'iyyar Mutanen Arewa A Yau. A daidai wannan lokaci a Zariya, Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda asibitin Barau Dikko ke ɗauke da sunansa, shi da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, suna nasu zaman. Ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taronta na farko a Kaduna, aka zaɓi Dakta Dikko shugaba. Abokan gabarta uku ta ambata: jahilci, lalaci, da zalunci.

Me wannan ya gyara? A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a nan Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da baki a cikinsa. Maganar da aka rufe zaure saboda irinta a Bauchi, shekara bakwai baya, ita ce aka faɗa a gaban majalisa. Aka yi bincike, kuma kafin ƙarshen 1954 an yi sabuwar dokar En'e, an daina barin sarki ya zama hukuma shi kaɗai, sai tare da majalisarsa. Ni a ganina ba a majalisa aka dafa wannan magana ba. Can aka kai ta a nune. An dafa ta ne a zaman yamma, inda mutum ke koyon faɗin abin da ke ransa a gaban wanda ya girme shi ba tare da zagi ba.

Sai dai dattawan naku ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya, dole in faɗa. Rabuwa ta zo. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma bayan taron Jos na ƙarshen wannan shekara, masu zafin ra'ayi suka fice daga Jam'iyyar Mutanen Arewa. A watan Oktoba na 1951 ta zama jam'iyyar siyasa sosai, wato NPC. Ma'aikatan gwamnati irin su Dakta Dikko dole suka sauka, manyan En'e suka shigo, zuwa 1954 Sardauna Ahmadu Bello ne shugabanta. Waɗanda suka fara shimfiɗa tabarmar, da yawansu ba su ne suka zauna a kanta ba. Amma ku lura, rabuwar ta faru ne a kan wanda zai riƙe ragama, ba don an zauna an yi magana ba.

Turawa ma sun gano wannan daga baya. Wani Ba'amurke, Harrison Owen, ya sha wahalar shirya wani babban taro, sai mahalarta suka ce masa abin da ya fi yi musu amfani shi ne hirar lokacin shan shayi, wadda bai tsara ba. A 1985 ya fito da tsarin taro marar ajanda: a zauna a da'ira, duk mai wata damuwa ya rubuta a takarda ya manna a bango, kowa ya bi maganar da ta dame shi, in ya ga ba ya ƙaruwa ya tashi ya koma wani rukuni. Shi da kansa ya ce ya ga zaman da'irar ne a wani ƙauye a ƙasar Laberiya. Kamfanoni suna biyan kuɗi a koya musu abin da muke yi kyauta a gindin bishiya ranar gayya! Lokacin da nake koyarwa a firamare ma, abin da ya gyara mana rabon azuzuwa ba a taron hedimasta ya fito ba, a inuwar darbejiya ya fito lokacin tara.

Saboda haka Malam, ku yi zamanku. Ku sanar da ciyaman tun kafin ranar, ku gayyace shi ya zauna kamar kowa. Kada ku taɓa kuɗin ƙungiya a wannan zama, kada kuma ku naɗa wa kowa muƙami, nan ne su Dakta Dikko suka ga ta kansu. Mai maganar taki ya ja nasa rukuni, mai maganar bashi ya ja nasa, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa a rubuta masa. Kowane rukuni ya fito da takarda ɗaya mai sunan wanda zai bi maganar da ranar da zai kawo bayani, sannan a miƙa wa sakatare ya karanta a babban taro.

In kun yi zama biyu ko uku, ka sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya.