Daga Fiyano zuwa Kwamfuta: Abin da Ya Sa Makaɗa Ke Riƙe da Tsohuwar Manhaja

Lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a shekarar 1990, kiɗan Hausa yana hannun masu kalangu da kukuma da gurmi. Kafin shekara goma ta cika, fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin fim, musamman bayan tashen Sangaya a 1999. Aikin da a da sai an tara ƙungiyar makaɗa, sai ga mutum guda yana gama shi a ɗaki.

Daga baya kwamfuta ta shigo. Manhajar FruityLoops, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, ta dace da ƙananan situdiyo domin ba ta buƙatar na'ura mai ƙarfi. A 2003 aka sauya mata suna zuwa FL Studio, sababbin samfura kuma suka yi ta fitowa.

Duk da haka, akwai masu haɗa kiɗa da suka tsaya a kan tsohon samfurin da hannunsu ya saba. Ga mai situdiyo a gari irin Birnin Kudu ko Gwaram, wanda janareta ke ɗauke da aikinsa, kowace awa ta koyon sabon tsari kuɗin mai ce. Sannan sautukan da ya tara shekara da shekaru su ne tambarinsa, da su masu sauraro ke gane aikinsa.

Akwai irin wannan a Amurka. Kamfanin Roland ya daina ƙera na'urar ganga ta TR-808 a 1983 bayan ta kasa samun kasuwa. Matasa suka saye ta da arha, suka gina kiɗan hip-hop a kanta, kuma har yau sautinta ake kwaikwayo a cikin sababbin manhajoji.