Hanyar Matuƙin Jirgin Soja Daga Ƙasar Fali

A shekarar 1957, lokacin da aka haifi Alex Sabundu Badeh a Vimtim, garin nasu bai zama Nijeriya ba tukuna. Vimtim da Bahuli da Muchalla, da sauran ƙasar Fali da ke gindin tsaunukan Mandara, duk suna cikin Arewacin Kamaru ne, yankin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ingila amanarsa. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka shigo da su ranar 1 ga Yuni, aka raɗa wa ƙasar suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwata. Rundunar sojin sama kuwa ko mafarkinta ba a gama ba. Yaron yana wajen shekara bakwai aka kafa ta, ya kuma rayu har ya shugabance ta.

Shi ya sa saurayin Bahuli da ke koyarwa a firamare, ko yake zaman shagon POS a cikin Mubi, idan ya ce shi tuƙin jirgin soja yake so, ba a yi masa dariya. Maƙwabcinsu Badeh ya yi wannan aiki. Abin da yawanci ba a gaya masa shi ne yadda ƙofar wannan aiki take, da yadda ta yi ta sauya kama a cikin shekara sittin.

Jirgin sama ya riga rundunar zuwa Arewa da kusan shekara arba'in. A ƙarshen Oktoban 1925 jiragen sojin saman Ingila guda uku suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano a farkon Nuwamba, jama'a suka yi dafifi suna kallon abin al'ajabi. Daga nan har samun 'yancin kai, aikin ɗan ƙasa a harkar jirgi bai wuce kallo da share fili da ɗaukar kaya ba, in ban da 'yan ƙalilan. Abin da ya farkar da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a farkon shekarun 1960. Nijeriya ta ba da sojoji, amma sai ta jira jiragen wasu ƙasashe su kwashe su su kai, su kuma dawo da su. Ƙasar da ke kiran kanta giwar Afirka ta ga wannan bai dace da ita ba.

Sai aka fara da mutane kafin a sayi jirage. A 1962 aka tura samari 10 Habasha, a farkon 1963 aka tura 16 Kanada, wasu shida suka tafi Indiya. A shekarar ce kuma aka ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Yamma, ta aiko da tawagar masu horarwa, har wani Bajamushe, Kanar Gerhard Kahtz, ya zama kwamandan farko. Majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar a watan Afrilun 1964. Jamusawan sun tattara nasu ya nasu a 1966, ragama ta koma hannun George Kurubo, daga shi sai Shittu Alao, wanda ya rasu a hatsarin jirgi a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa.

A wancan zamani rundunar ce ke neman mutane. Masu takardar sakandare a Arewa 'yan kaɗan ne, ana kuma son kowane yanki ya samu kasonsa, don haka saurayi mai lafiya, mai kan lissafi da Turanci, yana iya samun kansa a Turai yana koyon tuƙi cikin 'yan watanni. Duk da haka matuƙan ba su isa ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 aka kawo jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyat aka sauke su a Kano, sai da aka ɗauko hayar matuƙa daga waje, ciki har da Misirawa, saboda jirgi ana sayensa a wata guda, matuƙi kuwa sai an shekara da shekaru ana gina shi.

Cikin waɗancan rukunan farko akwai 'yan ƙasar Adamawa biyu da sunansu bai kamata ya ɓace ba. Abdullahi Dominic Bello, haifaffen Jimeta, ya riƙe muƙamin babban hafsan sojin sama daga 1980 zuwa ƙarshen 1983. Wanda ya gaje shi, Ibrahim Mahmud Alfa, ɗan Garkida ne, ya kuma riƙe kujerar daga 1984 har zuwa 1990. Shekara goma ke nan a jere rundunar tana hannun 'yan tsohuwar Jihar Gongola. Idan aka haɗa da Badeh, Adamawa ta ba da shugabanni uku, abin da jihohi kaɗan ne za su iya bugun ƙirji da shi. Ba a rasa nasaba tsakanin wannan da makarantu. Garkida da Numan da ƙauyukan kan tsaunin Mubi sun samu boko da wuri ta hannun mishan, a lokacin da garuruwa da yawa da suka fi su girma ke ɗari-ɗari da shi.

Hanyar da Badeh ya bi ita ce ta zama babbar hanya har yau. Ya yi firamare a Vimtim, ya gama sakandare ta Villanova a Numan a 1976, ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna a watan Janairun 1977 cikin rukuni na 21. A watan Yulin 1979 aka ba shi muƙamin hafsa, ya fara koyon tashi da ɗan ƙaramin jirgin nan mai farfela ɗaya da ake kira Bulldog a makarantar koyon tuƙi ta Kaduna. Tsakanin 1981 da 1982 yana sansanin Vance a Jihar Oklahoma ta Amurka. Mai lura zai ga cewa daga barin sakandare zuwa sanya kakin NDA watanni ne kawai. Bai tsaya aikin ofis ba, bai yi aure ba, shekarunsa ba su kai ashirin da ɗaya ba. Daga baya ya tuƙa shugabannin ƙasa, ya jagoranci ayarin jiragen fadar shugaban ƙasa, ya zama babban hafsan sojin sama a Oktoban 2012, sannan babban hafsan tsaron ƙasa a Janairun 2014.

Ƙarshen labarinsa na da ɗaci, kuma mutanen Mubi sun fi kowa saninsa. A ƙarshen Oktoban 2014, yana kan kujera, 'yan Boko Haram suka ci Mubi da Vimtim, jama'a suka watsu kan duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa, wasu suka nufi Yola. An ƙwato Mubi a watan Nuwamba. Da zai yi ritaya a 2015 ya faɗa a bainar jama'a cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da isassun kayan yaƙi. A 2016 hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan zargin kuɗi, ya musanta, ba a kai ga yanke hukunci ba 'yan bindiga suka harbe shi ranar 18 ga Disamban 2018 a hanyar Keffi zuwa Abuja, yana dawowa daga gona. Yaran da suka kwana a kan dutse a 2014 suna sauraron ƙugin jiragen da ke tasowa daga Yola, su ne samarin da yau ke cika fom. Mai tunanin cewa albashi kaɗai ke jan su bai san abin da suka gani ba.

To, ina matsayin wanda ya riga ya kama aikin farar hula?

A nan ne tarihi ya juya. Yanzu mutane ne ke neman rundunar, dubbai a kan gurabe kaɗan. Tun 1985 NDA ta zama mai ba da digiri, karatun ya koma shekara biyar, shiga kuma sai ta jarrabawar JAMB, sannan jarrabawar makarantar kanta, sannan kwamitin tantancewa da ke duba lafiya da ƙarfin jiki da kaifin tunani. An daɗe ana tsayar da shekarun mai nema tsakanin 17 da 21, ana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, kuma dole ya zama marar aure. Malamin firamaren da ya kai 25, mai mata da ɗa, wannan ƙofa ta riga ta rufe masa, komai ƙwazonsa. Ko wanda ya shiga ya fito a ɓangaren sojin sama ma, sai an sake tace shi kafin a ce ya dace da tuƙi: ido da rarrabe launi, kunne, bugun zuciya, hawan jini, har tsawon ƙafa da na zama. Wanda ya tsallake ya fara da ƙananan jirage a Kaduna, inda Air Beetle da aka harhaɗa a nan gida ya gaji Bulldog, shi kuma Super Mushshak na Pakistan ya gaje shi. Masu zuwa jiragen yaƙi su wuce Kano su hau L-39, masu jirgi mai saukar ungulu su nufi Inugu.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda ake kira DSSC, ta masu digiri ko babbar difloma da suka gama bautar ƙasa. Iyakar shekaru kan tsaya a wajen 30, horon kuma wajen wata shida ne a Kaduna. Wannan ita ce ƙofar ma'aikaci, amma gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce an yi ta ne domin likitoci da injiniyoyi da malamai da lauyoyi da akantoci da limamai. Ba kasafai take kaiwa ga kujerar matuƙi ba. Fitacciyar da ta bi ta nan ta kai ita ce Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, wadda ta yi karatu a kwalejin koyon harkar jiragen sama ta Zariya tun tana farar hula, ta shiga rundunar a 2011, aka maƙala mata lambar fiffike a watan Afrilun 2012, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijeriya. Ta zo ne da ilimin jirgi a hannu, kuma kuɗin wannan karatu miliyoyi ne da albashin ƙaramar hukuma ba ya ko kusantarsu. Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile, waɗanda aka yi wa lamba a Oktoban 2019, ta NDA suka biyo.

Duk da haka masu aiki suna nema, kuma shirin nasu abin a jinjina ne. Saurayin da bai kai 21 ba, mai gyaran waya a kasuwa ko mai taya mahaifinsa noman gyaɗa da masara, yakan fita gudu bayan asuba kafin ya buɗe shago, da dare ya dawo kan tsofaffin tambayoyin JAMB da hasken waya. Fom yanzu a intanet yake, don haka sai an shigo Mubi an zauna gaban mai kafe, a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a takardar WAEC da lambar NIN da takardar haihuwa, domin harafi ɗaya na iya mayar da mutum gida. Sai zaryar sakatariya neman takardar indijin, sai neman babban hafsa ko shugaban ƙaramar hukuma da zai sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Ranar jarrabawa a roƙi maigida izini, a kama hanyar Hong da Gombi da Song zuwa Yola, tafiyar wajen kilomita 200, da kuɗin motar da aka tara a asusu. Wanda ke da hankali ba ya ajiye aikinsa sai ya ga sunansa a jerin ƙarshe, saboda da yawa sai sun nema sau biyu ko uku.

A wannan gaɓa ce 'yan damfara ke kwanton ɓauna. Wani zai kira ya ce yana da hanya a hedikwata, a turo kuɗin gurbi. Rundunar ta sha nanata cewa neman shiga ta shafinta kyauta ne, ba ta kuma da wakili. Iyalin da suka sayar da sa ko buhunan wake don sayen gurbi sun yi asara biyu, ga dukiya ta tafi, ga shekarar yaro ta wuce.

Abin da ya fi damun mai kishin yankin shi ne inda ake faɗuwa tun kafin a kai Yola. Mubi tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1979, tana da jami'ar jiha tun 2002, amma makomar matuƙi a ajin sakandare ake yanke ta, ranar da aka ware 'yan kimiyya da 'yan adabi. Makarantar ƙauyen da ba ta da malamin Fiziks ta rufe wa ɗalibanta wannan hanya tun suna shekara goma sha biyar, su da iyayensu ba su ma sani ba. Badeh kansa daga aji ya wuce kai tsaye.

Don haka kira ya tafi ga ƙungiyoyin ci gaban Bahuli da Vimtim da Muchalla, da tsofaffin hafsoshin da yankin ke alfahari da su: a shiga makarantun sakandare a yi wa 'yan aji huɗu bayanin sharuɗɗan NDA, a ɗauki nauyin malaman lissafi da Fiziks, a tara wa yaran da suka ci kuɗin JAMB da na mota, tun shekarunsu ba su wuce ba.